Irin Sarki a Cikin Tafki

A zamanin da, an yi wani sarki wanda garinsa ke bakin wani babban tafki. Wata shekara ruwan ya janye, ya bar baƙar ƙasa mai danshi, duk abin da aka jefa mata sai ya fito. Shekara uku ana kwasar dawa a wurin. A ta huɗu, bisa shawarar Waziri Tanimu, Sarki ya ba da umarni a kwashe irin rumbun fada kaf, wanda ake raba wa talakawa, a shuka shi cikin tafkin.

Wanda zai yi aikin shi ne Sarkin Noma Jatau. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan nan bai yi sallama da kowa ba da zai tafi, ba kuwa zai yi ba in zai dawo. A raba irin nan, kada gari ya wayi gari ba abin shukawa."

Waziri ya yi dariya ya ce, "Tsufa ne ya kawo tsoro. Tafki ya mutu."

Jatau ya fita jiki a sanyaye. Ya shuka rabi a tafki, rabi kuma ya kai tudu a ɓoye.

Sai al'amari ya juye masa. Ruwan bai dawo ba, dawar tafki ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Tudu kuwa damina ta ɗauke da wuri, shukar ta ƙone tun ba ta kai gwiwa ba. Jatau ya riƙa zagaya gonar yana murza busasshen ganye a tafin hannu, yana kallon sama har wuyansa ya ƙage. Ko gajimare babu.

Da labari ya isa fada, Sarki ya fusata. Aka sa wa Jatau mari a ƙafa, aka ce ran Juma'a za a sare shi.

Ran Alhamis da hantsi matarsa Kulu ta kawo masa fura. Ya kasa sha. Ya ce, "Kulu, na saɓa wa Sarki, kuma ƙasa ta ƙaryata ni. Me zan faɗa? Ko ni na fara zargin hankalina."

Ta share hawaye ta ce, "Malam, jiya na je sussuka gidan Waziri. Gero na gani, da wake, da shinkafar fadama. Dawar tafki ba ta fi dami ashirin ba."

Jatau ya ɗago kai, ya daɗe yana kallonta.

Kashegari aka kawo shi gaban jama'a, hauni na tsaye da takobi. Jatau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambaya biyu nake roƙo a yi wa Waziri, sannan a sare ni."

Sarki ya yarda.

"Ruwan zai dawo baɗi?"

Waziri ya ce, "Ba zai dawo ba har abada."

"To naka irin, ina ka shuka shi bana?"

Waziri ya shiga gyara rawani. Sarki ya aika dogarai rumbunan Waziri, suka dawo suka faɗi abin da suka gani, kashi huɗu ya raba irinsa, tafki ya ba mafi ƙanƙanta.

Sarki ya ce, "Tunda ka tabbata tafki ya mutu, baɗi duk irinka can za shi, ƙwaya ɗaya ba za ta hau tudu ba. Iyalinka kuma daga nan za su ci."

Waziri ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, a bar mini ko kwano goma in kai tudu! 'Ya'yana sha ɗaya. In ruwan ya zo fa?"



Sarki ya ce, "Ashe ka san zai iya zuwa. 'Ya'yanka ka tsare, nawa talakawan ka tura su duka rami ɗaya."

Nan take aka kwance marin Jatau, aka warware rawanin Waziri. Sarki ya dubi Jatau ya ce, "Bana ka yi mini hasara. Baɗi ma ka raba irin."

Jatau ya yi godiya, sai Kulu ta ratso taro ta kama shi suka fita. Iyakar abin da ya zo mana na labarinsu ke nan.