Kurege Mai Sansano Alkama

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta.

Hajiya Giwa ta yi wata uku tana fama da ciki. In ta ci gurasa sai ya kumbura kamar randa, ya yi ta ƙugi har tsuntsaye su watse. Likita Kunkuru ya duba ta, ya ce, "Hajiya, cikinki ya ɓata da alkama har abada. Ba taliya, ba fanke, ba alkaki. Ki ci gero, dawa, acca, shinkafa da rogo, amma ko injin da ya niƙa alkama kada ya niƙa miki. Kome za ki saya, ki karanta jikin leda."

Giwa ta ce, "Likita, rubutun nan da ya yi ƙafar tururuwa, da wane idon zan gani?"

Ashe Kurege na laɓe bayan taga, kwanansa biyu rabonsa da abinci. Sai ya fasa kwalabe biyu ya yi tabarau da gindinsu, ya rataya igiyar guga a wuya, ya faɗo ɗakin.

"Ni ne Babban Mai Sansano Alkama na daji bakwai! Ƙwaya ɗaya ta ɓuya cikin buhu ɗari, in na yi atishawa sai ta fito ta gaishe ni!"

Giwa ta yi murna ta miƙa masa kwandon cefane. Likita ya buɗe baki zai yi magana, amma kafin kalmar ta fito Kurege ya isa kasuwa.

Ya fara da kantin Kura. Ya sansana kwanon ƙuliƙuli, ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Wannan ya taɓa zama mota ɗaya da burodi. Na ƙwace!"

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, gyaɗa ce zalla."

"Gyaɗa mai mugayen abokai! So kike ki kashe Hajiya?"

Kura ta tuna faɗin ƙafar Giwa, ta sakar masa kwanon. Kurege ya cinye ƙuliƙulin a gabanta, wai yana hallaka shaida.

Da gari ya waye ya dira rumfar Dorina. Ya kama dambun acca, ya kama fura. Ya lashi sabulu ya ce kakansa manomin alkama ne. Ya saurari tsintsiya ya ce tana numfashi irin na fulawa. Soso kuwa ya ce kallonsa bai yi masa ba. Abin da ke ciwuwa ya cinye, sauran ya zauna a kai. Ya kai wa Giwa rogo guda biyu, ta yi ta sa masa albarka.

Da gari ya sake wayewa Dorina ta cika kwando da wainar shinkafa mai tsabta, ta ce a kai wa mara lafiya. Kurege ya ce bari ya gwada ɗaya a hanya. Ya gwada ta biyu don ta tabbatar da ta farko. Bai ankara ba sai ga gindin kwando. Ya waiga, ya ga tiren gurasa mai ita ta tafi ɗebo ruwa, ya juye a kwandon ya kai wa Giwa.

Giwa ta ja da baya. "Malam, ai wannan gurasa ce."

"Da can! Na daka mata tsawa sau uku, alkamar ta fita da gudu, har ta bar takalminta. Ci, Hajiya!"

Ta ci goma sha biyu. Kafin azahar cikinta ya yi wata tsawa da ta sa manoma suka fito da iri, suna zaton damina ce. Tana kwance tana nishi, hawaye na zuba, aka ɗauko likita a baro don sauri. 'Yan kasuwa suka cika gidan. Likita ya ɗaga guntun gurasa ya ce, "Tun shekaranjiya nake son in ce ban san wannan malamin ba."

Giwa ta miƙa hanci ta naɗe Kurege.

"Kul, Hajiya!" in ji shi. "Na ci alkaki da safe, jikina duk alkama ne. Kika matse ni, kin mutu!"

Ta sake shi tim, tana goge hanci da ganye. Kurege ya miƙe yana kaɗe riga, sai ya ji inuwa ta rufe shi.

Kura ta ce, "Mu dai alkama ba ta yi mana komai."

Dorina ta ce, "Ni ma lafiyata lau."

Suka yi ta jibgarsa da muciya, har sai da ya zille ta tsakanin ƙafafun Dorina, kunne ɗaya a karye, rabin gashin wutsiya a bakin Kura. Da ya haye tudu ya waiwayo ya ɗaga murya:

"Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi! Ki bar kwandon a ƙofa, gobe zan turo tagwaina. Kamarmu ɗaya, amma shi mai gaskiya ne!"

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.