Ranar da Na Zuba wa Birki Baƙin Mai

Sunana Yona, kuma tun ina yaro kowa a unguwarmu ya san ni da gaggawa. Ko tuwo ba na jira ya huce. Shekara bakwai na yi a Ikko ina sauya aiki kamar riga, na dawo Minna a 1984 da halina yadda na tafi da shi.

Ina shiga gida na tarar da babur ɗin marigayi babanmu a rumfa, lulluɓe da tamfol. Masu saye sun yi ta zuwa, Mama tana korarsu. "Na Yona ne," take ce musu. Murna kamar in tashi sama! Saura kwana biyu a kai ƙanwata Liyatu gidan mijinta a Paiko, nan take na rantse ni zan ja ayarin amarya a kan babur ɗin Baba.

Na wanke kafireto, na sa sabon fulogi, inji ya tashi da ruri. Amma tayar gaba da ƙyar take juyawa. Na tura shi wurin Baba Ndakotsu, bakaniken da ke yi wa babanmu gyara.

Ya duƙa ya taɓa ƙarfen da ke cije faifan birki. "Kalifa ce ta toshe. Tsohon man birki ya daskare, tsatsa ta kama fistin. Sai an kwance an wanke, an sa sabuwar roba. Robar kuwa daga Kaduna za a aiko. Kwana huɗu."

"Haba Baba, jibi ne fa bikin! A Ikko minti goma ake wannan."

"To ɗan Ikko, kai shi Ikkon. Ubanka bai taɓa yi mini gardama a kan birki ba."

Na koma gida raina a ɓace. Na buga wa kalifar guduma, na tsiyaye tsohon man, na ɗura baƙin mai na inji. A tunanina, abin da ke kwance noti mai tsatsa zai kwance wannan. Ai kuwa taya ta saki! Na bi ta gaban garejin Baba Ndakotsu ina danna ham.

"Me ka zuba?" ya ƙwala mini.

"Baƙin mai, Baba!"

"Zai kumbura roba! Kai Yona, tsaya!"

Hannu kawai na ɗaga masa.

Ranar biki ina gaba, mata na rangaɗa guɗa a cikin bas, yara na bin mu da gudu. A gangaren gadar Chanchaga na ji ƙauri. Na taɓa birki kaɗan, ya cije, ya ƙi saki. Na ji ni a sama. Babur ya ja ciki a kan kwalta, ya shige ƙarƙashin wata motar doya da ke tahowa.

A asibiti na farka da karyayyen hannu, Liyatu na kuka cikin kayan amarci. Mama ta buɗe tafin hannunta, ga makullin babur, shi kaɗai aka tsinto da kyansa.

"Shekara biyar ina goge babur ɗin nan duk Asabar," ta ce. "Kai kwana biyu ka riƙe shi."

Darasin da na koya shi ne, gyaran da ke bukatar kwana huɗu ba ya zama na minti goma don kawai kana sauri. Idan wanda ya san aiki ya ce ka jira, ka jira. Da na haƙura na shiga bas ran nan, da har yau babur ɗin Baba yana nan a hannuna.