Abin da Ya Rage na Jar Motar Wendell

Wendell Hruska maƙwabcina ne na shekara ashirin da biyu, a wani ƙaramin gari da ke arewacin Ohio. Mutumin kirki ne. Idan ƙanƙara ta rufe hanya, yakan share ƙofar gidansa ya haɗa da tawa ba tare da na roƙe shi ba. Amma yana da hali guda da kowa ya san shi da shi: son yabo. Wanda ya yabe shi ya zama ɗan'uwansa. Wanda ya gaya masa gaskiya kuwa, sai ya yi wata guda bai samu gaisuwarsa ba.

Abin da ya fi so a yaba masa shi ne motarsa. Ƙaramar jar mota ce mai kujera biyu, ƙirar Ingila ta 1966, irin masu gudun nan da ake naɗe rufinsu baya. Rosalie yake kiranta. Ya saye ta yana saurayi a hannun wani manomi, kaji na kwana a cikinta. Shi da matarsa Bernice suka sauke injin, suka wanke kowane ƙarfe da hannunsu, suka mayar da shi. Bayan rasuwar Bernice, motar ta zama abokiyar hirarsa. Duk safiyar Asabar sai ya kai ta filin ajiye motoci na bayan gidan abincin Dolores, inda masu tsofaffin motoci ke taruwa da kofi a hannu. Zai buɗe bonet, ya koma gefe yana jiran abin da za a ce.

Wata bazara ya kai ta garejin Lorraine Petrakis don a juye mata mai, ni kuma na raka shi. Lorraine ta gaji aikin daga mahaifinta, kuma duk garin babu makaniken da ya kai ta. Matsalarta ɗaya, ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ɗaga motar sama, ta shiga ƙarƙashinta da fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Wendell, zo ka gani da idonka," in ji ta.

Ta ɗauki sukundireba ta danna a jikin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar daga ƙasa. Sai ya shige kamar ta soka shi a burodi. Garin tsatsa ya zubo mata a kafaɗa.

"Gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara ne, na shekarun da ka yi kana hawanta cikin sanyi," ta ce. "Injinka lafiyayye ne, zai binne mu duka. Amma ƙasan nan ya ruɓe. Yanzu yana gyaruwa. Ka bar min ita shekara guda, in yanke in yi walda. Kafin nan kada ka sake ɗora ta kan babban titi."

Fuskar Wendell ta canza. "Shekara guda? Motar da ta ci kofin gasa har uku kike kira ruɓaɓɓiya?"

"Masu ba da kofi ba sa kwanciya a ƙasa su leƙa. Ni ina leƙawa."

"Sauke min motata, Lorraine. Ubanki bai taɓa yi mata wannan cin fuskar ba."

Tun daga ranar ya daina gaishe ta, ko a coci suka haɗu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya ba da labarin a fili, ransa a ɓace. Duane Stickney ne ya fara amsawa. Duane abokinsa ne tun suna sakandare, shi ne babban abokin ango ranar aurensa, shi ne kuma ya riƙe gaban akwatin gawar Bernice. Yana da katafariyar rumfa a bayan gari inda yake saye da sayar da kayan tsofaffin motoci. Bakinsa zuma ne.

"Haba mutumina, wa ya ce ka kai sarauniya wajen mai gyaran tarakta?" in ji Duane, yana shafa bodin motar. "Lorraine aiki take nema. Dubi wannan jiki! Daga nan har Chicago babu irinta, kuma babu mai hannu irin naka. 'Yar tsatsa ce kawai, wace tsohuwa ce ba ta da ciwon gwiwa? Ka ba ni ita idan sanyi ya shigo. Kafin furanni su fito zan dawo maka da ita amarya. Babbar gasar watan Satumba ma taka ce."

Wendell ya dube ni yana murmushi. "Ka ji, Emmett? Ka ji wanda ya san mota?"

A ƙarshen Oktoba ya kai ta da kansa. Ya miƙa wa Duane makulli ba takarda, ba shaida. Da na ce ko zai riƙa leƙawa yana ganin yadda aiki ke tafiya, sai ya ce, "In leƙa Duane? Mutumin da ya san ni tun ba ni da gemu?" Sau biyu ya je cikin hunturun, sau biyun Duane ya tare shi a bakin ƙofa ya ce fenti bai bushe ba, ƙura za ta ɓata shi, kuma ango ba ya ganin amarya kafin ranar biki. Wendell ya dawo yana dariyar wannan maganar.

A watan Mayu Rosalie ta dawo. Gaskiya ta yi kyau. Jan fentin yana ɗaukar ido, kana iya gyara gashinka a jikin ƙofa. An shafe ƙasanta da baƙin kwalta sumul. Wendell ya rungume Duane a gaban kowa, idonsa ya kawo ruwa. Duk wannan bazarar ya yi ta yawo da ita, rufi a naɗe, hula a kai, yana cewa injin bai taɓa yin daɗin ƙara irin na bana ba.

Ni kuwa, ta katangar gidana na shekara ashirin da biyu ina jin tashin motar nan. Na ji ƙarar ta canza. Na yi shiru.

Ranar gasar, motoci sun fi ɗari biyu a filin baje koli na gundumarmu. Wendell ya jingina takardar masana'anta a gilashin gaba, wadda ke ɗauke da lambar injin da motar ta fito da shi. A wajen masu wannan sha'awa, motar da ke da injinta na asali daban take, darajarta ta ninka ta sauran. Alƙalin wani dattijo ne mai suna Mista Fennimore. Ya zagaya motar, ya yaba fenti, sannan ya sunkuya cikin bonet da 'yar fitila. Ya dubi takardar, ya sake duban injin. Ya goge wurin da hankici, ya sake dubawa.

"Mista Hruska, yaushe ka canza inji?" ya tambaya a hankali.

"Ban taɓa canzawa ba. Ni da matata muka ɗaure shi da hannunmu."

"To ka yi haƙuri, wannan ba shi ba ne. Na wata motar iyali ne da aka ƙera bayan shekara takwas. An yi masa fenti ne ya yi kama. Kafireton ma kwaikwayo ne. Ina tsammanin giyar ma haka."

Wendell ya yi dariya, irin dariyar wanda bai gane ba. Ya karɓi fitilar ya leƙa da kansa. Ya san lambar nan kamar ranar haihuwarsa. Ya ga ba ita ba ce. Mutanen da suka taru suna yabo suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago yana neman Duane a cikin taron. Duane bai zo ba. Da safen ya bugo waya ya ce bayansa na ciwo.

"Emmett, kai ni wurinsa," ya ce. "Ba zan iya tuƙi ba."

Mun sami Duane a bakin rumfarsa yana gasa nama, babu alamar ciwon baya. Da ya ga fuskar Wendell sai ya ajiye cokalin.

"Ina injina, Duane?"

"Zauna mana, mutumina, ka ci wani abu."

"Ina injin Bernice?"

Duane ya fara kame-kame. Ya ce injin ya tsage ne, bai so ya tayar masa da hankali. Wendell ya ce to a nuna masa tsagaggen. Duane ya ce ya jefar. Wendell ya tsaya yana kallonsa kawai, har Duane ya gaji da ƙaryar.

"To, na sayar," ya ce. "Wani dillali ya daɗe yana neman irinsa, tun Disamba aka sa shi a jirgin ruwa. Ban san ƙasar da yake ba yanzu. Kasuwa ta tsaya min, Wendell."

"Da ka roƙe ni ai da na taimake ka. Kai ka riƙe akwatinta, Duane. Kai ka tsaya a gefena a bakin kabari."

Na ɗauka Duane zai sunkuyar da kai. Maimakon haka sai ya ɗaga murya.

"Wata huɗu kana tuƙa ta! Wata huɗu kana gaya wa duniya ba ta taɓa yin daɗin ƙara haka ba. Da wannan tsohon bai leƙa ba, da har ka mutu ba ka sani ba. Ba motar kake so ba, kallon mutane kake so, kuma na ba ka shi. Shekara hamsin ina gaya maka abin da kake son ji, ka taɓa tambaya ko gaskiya ne?"

Wendell ya juya ya shiga motata.

Mun yi tafiya mai nisa tsakanin gonakin masara. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ka ji ƙarar ta canza?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Ina son gaisuwarka, Wendell. Na ga yadda ka yi da wadda ta gaya maka gaskiya."

Ya jingina kansa da gilashi. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa cikin yini ɗaya kamar yadda ya tsufa a wannan kujerar ba. Ni ma ban ji daɗin kaina ba, domin shirun da na yi bai yi nisa da abin da Duane ya yi ba.

Lauya ya gaya masa zai iya kai ƙara, amma injin ya tafi ke nan, kuma babu takarda ko guda tsakaninsu. Wendell ya ce ba zai iya tsayawa a kotu yana nuna Duane da yatsa ba. Kafin Kirsimeti Duane ya rufe rumfarsa ya koma Florida wajen ƙanwarsa, bai yi wa kowa sallama ba.

Mako biyu bayan gasar muka ɗora Rosalie a bayan motar janwe muka kai ta garejin Lorraine. Wendell ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Lorraine, na zo ne in ce..."

"Bar shi, Wendell. Na ji komai. Shigo da ita."

Ta kankare baƙin kwaltan da aka shafa a ƙasa. Babu walda ko ɗaya. Ragar waya aka cusa a ramukan, aka cike da ƙullun masu gyaran bodi, aka shafe. Ruwa ya samu wurin kwanciya a ciki, tsatsar ta ci har inda ƙafafun baya suke kamawa.

"Ka gode wa Allah," ta ce. "Rami ɗaya mai kyau a kan babban titi, da tayar baya ta rabu da kai. Bara yana gyaruwa. Bana sai dai sabon shasi gaba ɗaya."

"Sabon shasi. Inji ba nata ba. Giya ba tata ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sitiyarin fa?"

Ta duba, ta girgiza kai. "Shi ma an canza. Da agogunan gaba. Duk abin da ke da mai saye ya cire."

"To me ya rage na motar da na sani?"

Lorraine ta goge hannunta da tsumma. Na ga tana neman abin da za ta ce mai taushi, ba ta samu ba.

"Ƙofofin naka ne. Da kujerun."

Wendell ya jira aka sauke motar. Ya buɗe ƙofar ɓangaren fasinja, inda bai taɓa zama ba, ya zauna a kujerar matarsa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Lorraine ta kashe rediyon garejin, ta yafito ni da hannu, muka fita waje muka bar shi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duane ne ya ci amana, kuma laifinsa na wuyansa. Amma Wendell ne ya buɗe masa ƙofa, ranar da ya kori mai gaya masa gaskiya ya rungumi mai gaya masa daɗi. Wanda ya sa yabo ya zama kuɗin shiga zuciyarsa, maƙaryaci ne zai fi kowa iya biya, masu ƙaunarsa kuma za su koyi yin shiru, kamar yadda na yi. Idan kana da abin da kake ƙauna, mota ce, ko sana'a, ko iyali, ka riƙe mutumin da zai leƙa ƙarƙashinsa ya gaya maka inda ya ruɓe tun yana gyaruwa. Maganarsa za ta ɓata maka rai na kwana biyu. Ta mai daɗin baki kuwa tana iya raba ka da abin da ba za ka sake samu ba.