Auta da injinsa mai jin rabin magana

Jama'a ku matso, yau labarin wani gwani zan ba ku.

Akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta, autan gidansu. A kasuwa Injiniya yake sa a kira shi, a gida kuwa Auta ne, ko ya so ko ya ƙi.

Ciwon ido ya kama shi, ya daɗe bai leƙa guruf ɗin hirar gidansu na waya ba. Da ya warke, wani ɗan tsurku ya raɗa masa cewa yayansa, direban babbar mota, ya yi ta cin namansa a guruf.

Auta ya buɗe, ya ga hira tuli. Ya ce shi ba ya wahala, kwamfuta ce baiwarsa.

Ya juye hirar duka cikin manhajar rubutu. Akwai wata dabarar nema da suke ce wa rejeks, ka jera ɗigo da tauraro, ka ce wa kwamfuta, "Duk layin da ya fara da Yaya kuma akwai Auta a ciki, kwaso min." Ya danna, ya kwafe, ya zuba a sabon shafi.

Abin da ya fito ya sa kunnensa hayaƙi.

"Auta ba ya jin magana."
"Kada kowa ya kai wa Auta gyaran waya."
"Ni na gaji da Auta."

Ya buga a takarda, ya shiga ɗakin mahaifiyarsu yana huci. Yaya na kan tabarma yana gyara mata fanka.

"Inna, ga shaida! Daga yau ba ni ba shi. Har kasuwata yake kashewa!"

Yaya ya ɗago. "Kai, lafiyarka?"

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Yaya."

Inna ta ture takardar. "Ni ban san kwamfuta ba. Ciro wayarka ka karanta min daga inda aka rubuta."

Auta ya ciro yana murmushin mai nasara. Ya nemo na farko, ya karanta da ƙarfi, "Auta ba ya jin magana." Sai ya ga akwai saura a ƙasa. "Likita ya ce ya huta, shi kuma yana shago. Ku taya ni yi masa faɗa."

Murya ta fara sauka.

Ashe Yaya da ƙaton babban yatsansa, in ya rubuta 'yan kalmomi sai ya sauka sabon layi. Layin farko ne kawai ke farawa da sunan Yaya, mai aiko saƙon. Injin Auta ya kwashi kawuna ya bar gangar jiki.

"Na biyun fa?" in ji Inna.

"Kada kowa ya kai wa Auta gyaran waya... sai idonsa ya warke. Wanda ya matsu ya ba ni, in kai masa wani wuri."

"Na ukun?"

"Inna, ai an gane."

"Karanta, Injiniya."

"Ni na gaji da Auta. Kullum na kai masa abinci sai ya rabar wa maƙwabta ya zauna da yunwa."

Auta ya fara kame-kame. "To ai laifin Yaya ne, wa ya ce ya riƙa sauka layi..."

Inna ta harare shi. Ya durƙusa gaban yayansa, idon da ya warke ya cika da ruwa. "Yaya, ka yafe min."

Yaya ya miƙa masa sukurdireba. "Riƙe min nan. Ka gama ka ci gaba da karatu, ba ka iso inda na zage ka da gaske ba."

Darasi: Kwamfuta abin da ka tambaya take ba ka. In ka shiga neman laifin ɗan'uwanka, laifin kawai za ta kwaso maka. Kafin ka yanke zumunci a kan magana, karanta ta har ƙarshe. Ku tura wa duk Injiniyan da ke guruf ɗin gidanku.