Makon da Boto Bai Zo Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan uwa. Ku ce ta zo mu ji ta.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu ta bayan birnin Bishkek, sunanta Inna Burul. Tana rainon yara bakwai a gidanta, yawancinsu iyayensu sun tafi aikatau Mosko. Gidaje huɗu ne masu irin wannan raino a unguwar, kuma nata ne mafi ƙanƙanta.

Gidajen nan suna da wani ɗan raƙumi mai tozo biyu da aka ɗinka da ulun tumaki, yara suna kiransa Boto. Yakan yi mako ɗaya a kowane gida, da ɗan littafi rataye a wuyansa. Yara su gaya masa abin da suka koya, mai gida ta rubuta, a karanta wa yaran gida na gaba. Da jiran Boto yaranmu suka iya ƙirga kwanaki.

Cikin yaran Inna Burul akwai Tumar, 'yar shekara biyar. Tun da uwarta ta tafi Mosko ta bar ta wajen wata gwaggonta, ta daina magana, sai ɗaga kai da girgiza shi. Amma in Boto ya zo, takan ja shi bayan murhu ta yi ta raɗa masa a kunne. Ta ɗauka in ya bar gidansu, har Mosko yake kaiwa. Inna Burul ta sani, ba ta taɓa gyara mata ba.

Da sanyi ya kama, gwaggon da ke riƙon Tumar ta haihu. Aka yanke cewa ranar Asabar za a mai da yarinyar wajen kakanta, can ƙauye cikin duwatsun Narin. Abin da ya ɗan kwantar wa Inna Burul da hankali shi ne, makon nan Boto na gidanta ne.

Litinin ta zo, Boto bai zo ba. Talata ma haka.

Yana gidan Cholpon, wata matashiya cikin masu rainon, mai gidan bene da lilo a tsakar gida. Ranar Laraba Inna Burul ta ɗaura ɗankwali, ta taka cikin dusar ƙanƙara har can. Cholpon ta tare ta a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta ce ta cire ba. Ta ce wasu baƙi za su zo ɗaukar hoton gidanta ranar Juma'a, kuma ta riga ta wanke Boto tas.

Inna Burul ta yi mata bayanin Tumar, ta roƙi ko wuni ɗaya ne.

"Haba Inna, wane yaro ne uwarsa ba ta Mosko?" in ji Cholpon tana dariya. "In ya shiga hayaƙin murhunki, ai baƙin jaki za ki dawo mini da shi. Litinin zan kawo miki da kaina."

"'Yata, Litinin babu yarinyar."

"Yara ne fa, Inna. Kafin su fita gari ta manta."

Inna Burul ta juyo hannu wofi. Tun daga nesa ta hango fuskar Tumar a jikin taga. Yarinyar ta duba hannayen Inna, na dama da na hagu, sannan ta sauko daga kan kujera ta koma bayan murhu.

Ranar Asabar da safe mota ta zo. Tumar ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe ƙyauren Inna Burul, sai da aka ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Cholpon ta cika alkawari, ranar Litinin ta kawo Boto yana ƙamshin sabulu. Inna Burul ta shigar da ita, ta zuba mata shayi, ta tura mata gurasa. Ba ta faɗi kalma ɗaya mai zafi ba. Sai dai ta ba ta labarin ƙyauren nan da yatsun yarinyar, tana yi tana share baki da gefen ɗankwali. Shayin ya huce a hannun Cholpon.

Kwana biyu abin yana cin Cholpon. A na uku ta bar yaranta wajen ƙanwarta, ta karɓo Boto daga Inna Burul ta sa a jaka, ta shiga motar haya zuwa ƙauyen kakan Tumar. Wuni guda suka yi a hanya saboda ƙanƙara.

Ta iske kakan yana ba tumaki ciyawa. Ya ce tun zuwan yarinyar bai ji muryarta ba. Ya kai ta ɗaki, ga Tumar zaune a kan darduma ta haɗa kai da gwiwa.

Cholpon ta durƙusa, ta fito da raƙumin. "Tumar, ga Boto ya zo miki. Gaya masa saƙonki."

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa. Ba ta miƙa hannu ba. Can sai ta yi magana a hankali, kuma ba da Cholpon take ba.

"Ka makara. Na manta abin da zan ce wa Mama."

Ta juya fuskarta wajen bango.

Cholpon ta ajiye Boto kusa da ƙafarta, ta zauna jira har shayi na biyu. Yarinyar ba ta waiwayo ba. Da direba ya yi oda a waje, dole ta tashi. Kakan ya raka ta har bakin mota yana ta sa mata albarka saboda wahalar hanya, ita kuwa ta kasa ɗaga ido ta dube shi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.

Darasi: Abin da kake ganin wasa ne, wani da shi yake jingine. In lokacin ba wa wani haƙƙinsa ya yi, ka ba shi a lokacin, domin akwai alherin da in ya makara ba ya samun mai karɓa. Ku tura wa duk wanda Allah ya ba amanar yara.