Ɗangon da Ya Yi Ɗingishi

An ruwaito a cikin littattafan da asu ya ci rabinsu cewa a Birnin Tsauna an yi wani attajiri wai shi Mantau, wanda ya tsufa a kan hanyar fatauci. Da ƙafa ta gaza, sai ya zauna ya tsara wa Sarki waƙar yabo, ya miƙa ta hannun Waziri Barmo.

Da aka karanta a fada, baiti na bakwai ya zo da wani ɗango mai cewa, "Sarki na shan ruwan randa, talakawa na shan laka." Sarki ya ce kafin Juma'a Mantau ya bar garin da aka binne cibiyarsa. Mantau ya rantse har muryarsa ta dushe cewa ba shi ya rubuta ba.

Sai aka kirawo Malam Jibo, wanda ya shekara arba'in yana auna waƙoƙin fada har kunnensa ya ƙoshi. Ya zo yana jan ƙafa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce a sake karantawa. Ana karatu yana buga sandarsa a ƙasa, da aka iso wurin sai sandar ta tsaya.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a garinmu an yi wani makaho mai 'ya'ya mata uku. Wata rana suna lugude a turmi ɗaya, ya ce daga zaure, 'Wace baƙuwa muka yi?' Aka ce yaya ka sani? Ya ce, 'Akwai taɓaryar da ke sauka a makare.' To, haka waƙa take. Bugun nan shi ake kira kari. Kowane ɗango na Mantau tafiyarsa ɗaya, wannan kuwa ya yi ɗingishi. Sannan 'yan'uwansa duk sun ƙare da 'ra', wato amsa-amo, shi kaɗai ya ƙare da 'ka'. Baƙon hannu ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya dubi Waziri. Barmo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne. Shekara tara ina faɗa maka rijiyoyin gari sun ƙafe, kana cewa sai bayan damina. Na gaji, shi ya sa na ari bakin wani."

Sarki ya ce wa Malam Jibo, "Ashe ke nan ɗangon ƙarya ne."

Malam ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Kari ya nuna mana wanda bai rubuta ba, iyakarsa ke nan. Abin da ɗangon ke faɗa kuwa, jigonsa, wannan sai a tambayi matan da ke kwana uku ba su yi wanki ba."

An ce nan take Sarki ya wanke Mantau, ya tuɓe rawanin Waziri don ya jefa marar laifi a wuta, ya sa aka fara yasar rijiyoyi. Malam Jibo kuma aka ba shi alkyabba da gona.

Masu hikima suka ce, wanda zai yi wa waƙa hukunci ya auna tafiyarta, ya kuma saurari maganarta. Barmo dai da rawaninsa ya saya wa garin ruwa, kuma har ya mutu ba wanda ya taɓa ce masa an gode.