Lambar da Ke Bayan Keke

Shahzeb mai ɗaukar bidiyon biki ne a garin Mardan na ƙasar Pakistan. Mutumin kirki ne, sai dai akwai sakaci, ga shi ba ya son a gyara masa. Idan ana biki shi yake ɗaukar ɓangaren maza, ƙanwarsa Gulalai kuma ta shiga cikin mata, inda ake ajiye mayafi a taka rawa. Gidaje sun yarda da ita ne saboda alkawari ɗaya da take yi wa kowace uwar amarya: idon baƙon namiji ba zai taɓa ganin wannan hoton ba. Amma duk abin da ta ɗauko, a kwamfutar Shahzeb yake kwana.

"Lala," haka take kiran yayan nata, "don Allah ka sa wa hotunan matan nan makullin da ke hargitsa su, ko an sace ba mai iya buɗewa. Kuma ka canza lambar sirrin nan."

Ya yi dariya, ya tsoma gurasa a shayi. "Ke da tsoro kamar kaza! Lambata 786 ce, lambar Bismillah. Wa ya isa ya keta ta?"

"Ko Baba da bai san kwamfuta ba, da ita zai fara gwadawa."

"To Malama, na ji. Gobe."

Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa.

Bayan bikin wata amarya mai suna Zarmina, Shahzeb ya hau keke mai ƙafa uku zuwa shago, jakar kwamfuta a gefensa. Ya sauka yana waya. Sai da ya juya ya ji kafaɗarsa wayam. Ya bi keken da gudu yana ihu, bai cim masa ba. Abin da ya iya gani kawai shi ne rubutun da ke bayansa da jan fenti: 786.

Ya dubi titi. Lambar tana goshin babbar mota, tana ƙofar mai gasa nama, tana bayan kowane keke. Ashe duk garin an rubuta sirrinsa a bango, shi kaɗai ne bai karanta ba.

Ya kasa gaya wa kowa. Abinci ya daina shiga. Waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi; a ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙe zumbur. Yana ta roƙon Allah ya sa wanda ya tsinta ya goge komai ya sayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani abokinsa ya ja shi gefe, ya miƙa masa waya ba tare da ya dube shi ba. Bidiyon bikin ne ke yawo a wayoyin mutane: ga Zarmina, kai babu ɗankwali, tana juyi tana dariya cikin ƙawayenta. Daga bayan kyamara kuma muryar Gulalai ce, tar: "Yi rawarki, 'yar'uwa, mu kaɗai ne."

Kafin la'asar yayyen amarya sun tsaya a ƙofar gidan su Shahzeb. Shi kuwa yana maƙale a bayan ƙyaure. Babbansu bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Ba kai muke nema ba, mai kyamara. Wadda ta yi wa mahaifiyarmu alkawari muke nema."

Dattawan unguwa ne suka shiga tsakani, da ƙyar. Aka yanke cewa Gulalai ta bar garin. An mayar da Zarmina gidan ubanta tun lallen hannunta bai goge ba.

A tasha Shahzeb ya riƙe bakin tagar motar da za ta kai ƙanwarsa wajen kawunsu a Karachi. "Ki yafe mini. Jaka ce na manta."

"Ba jaka ka manta ba, Shahzeb," ta ce a hankali. "Alkawarina ne."

Motar ta tashi. Ya daɗe a tsaye kafin ya gane cewa da sunansa ta kira shi. Har yau ba ta sake ce masa Lala ba.

Ya mai karatu, abin da ke cikin kwamfutarka ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai mutuncin waɗanda suka amince maka. Ka kulle shi da makullin da ke hargitsa shi ga baƙo, ka zaɓi doguwar kalmar sirri wadda ba wanda zai yi zatonta, kuma ka yi yau. Ambaton sunan Allah ibada ne, amma bai ɗauke maka nauyin kulle ƙofarka ba.